Keken da Na Ƙera wa Malam Jabbi

Makon jiya wani saurayi ya turo mini keke daga Jabo, sandar tsakiya ta tsage, ya ce ya riga ya kai wa abokinsa mai waldar lantarki. Na duba wurin na yi salati. Bututun da kaurin jikinsa bai fi farce ba, shi aka sakar wa wutar da ake haɗa ƙofar gareji da ita. Ƙarfen ya ƙone, ya huje wuri uku, sai aka bi hujin da tulin walda kamar kashin kaji, aka shafe da baƙin fenti don kada ido ya gani. Na tambaye shi wa ya koya wa abokin nasa aiki. Ya ce, "Baba Arzika, a waya yag gani. Ai ba wuya."

Ba wuya! Na fi shekara talatin a rumfar nan ta bakin titin Tambuwal, yatsuna duk tabon wuta, idona ɗaya ya fara hazo saboda kallon harshen gas, amma yaron da aka yi wa suna a gabana ya dube ni ya ce ba wuya. Abin yana ƙona mini rai, ba zan ɓoye ba. Ku samarin yanzu in kun ga mutum zaune a kan benci da sifana a hannu, sai ku ɗauka duk wanda ya rasa abin yi shi ke gyaran keke. To ku gyara zama. Mai sana'ar hannu ba shi da gona ba shi da garke, sunansa kaɗai gare shi, kuma keke guda ya taɓa kusa cinye mini nawa ƙurmus.

A hannun Malam Nomau mutumin Sanyinna na koyi aiki, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu cur ban taɓa abin da ya wuce faci da famfo da wanke boris a cikin kananzir ba. A ta uku ya ba ni ɗaurin sifoku. Sai in kwashe wuni ina daidaita wili, shi kuwa ya zo ya juya ta, ya kara gawayi a gefen rim. Duk inda gawayin ya taɓa ya bar zane, ya kwance mini ita duka, ya koma inuwa ya ci gaba da cin goronsa. Ba ya bayani. In ka tambaya, ya ce, "Ido gare ka ko babu?"

Abin da ya bambanta shi da sauran masu gyara shi ne waldar tagulla. A lokacin kekunan manoma sukan karye saboda lodin hatsi, kuma shi kaɗai ne a yankin yake iya cire bututu guda daga jikin keke ya sa wani. Aikin yana farawa da magagari. Ka gurza bakin bututu har ya rungumi ɗan'uwansa ko'ina, sannan ka ɗaga su ka kalli rana. In haske ya ratso ko da siririn gashi ne, aikin banza ka yi. Ranar da na fara nuna masa nawa, ya ɗaga sama ya lumshe ido ɗaya, ya ce, "Wanga ba haɗi ba na, taga ta. Tagulla ba ta cika rami, bin tsaga taka yi." Ya wurgar da shi cikin tarkace. Sai da na ɓata bututu ya fi ashirin kafin ya bari na kunna gas.

Wutar ma karatu ce mai zaman kanta. Ka zuba ruwa a kan kabayid, dutsen da ke ba da gas ɗin, warinsa ya cika rumfa kamar ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, ka daidaita harshen har ya yi shuɗi ya daina huci. Ka gasa ƙarfen a hankali har ya yi ja mai duhu, ka kara sandar tagulla. In zafin ya yi daidai, za ka ga ta narke ta shige tsagar da kanta, ta ɓullo ta ɗaya gefen. In ka wuce da numfashi biyu, ka kashe ƙarfen. A ido yana nan lafiya, amma wata rana zai ci amanar wanda ke kansa. Wace waya ce za ta nuna muku wannan jan?

Da babur ya cika gari, abokan sana'ata suka watse. Wasu suka koma gyaran inji, wasu acaɓa. Ni na ƙi, saboda taurin kai ne gadonmu. Sai ga kekunan gwanjo masu giya da manyan tayoyi sun fara shigowa, waɗanda ake cewa na hawan dutse. Sababbin cikinsu na alminiyum ne irin na tukunya, in suka tsage sai dai a sayar wa masu awon ƙarfe. Amma tsofaffin na baƙin ƙarfe ne mai kyan gaske, siriri, mara nauyi, in ka ƙwanƙwasa shi da farce sai ya yi amo. Na riƙa bin karyayyu ina saye, in yanke bututun da ke da lafiya in jingine. Da suka taru, na ce bari in ƙera wa kaina keke tun daga tushe.

Wata biyu na yi a kansa. Ba ni da teburin awo, da zare na daidaita shi: ka ɗaura a ƙafar baya ta dama, ka zagayo ta wuyan keke, ka dawo ƙafar hagu, ka auna tazarar zaren da sandar sirdi ta kowane gefe. A gaba na sa masa ƙafa mai shokozoba da na ciro daga wani ɗan gwanjo. Bayansa kuwa na bar shi a sandare, ba sifirin ba komai. Masu sifirin a baya daɗin kallo gare su, amma a cikin rairayi rabin ƙarfin ƙafarka suke sha, kuma in suka lalace a daji babu mai kayansu. Baƙin ƙarfe in an haɗa shi daidai yana da nasa laushin. Yakan ɗan ba da kai a kan burji ya dawo, ba ya dukan ƙugu.

Ranar da na fara hawansa zuwa Kebbe, 'yan acaɓa suka yi ta ihu a tasha, wai tsoho ya ƙwace keken jikansa. Na wuce abina. Na bi ta rairayi yana yankawa, na gangara kwazazzabo na hau ta ɗaya gefen ban sa ƙafa a ƙasa ba. Abin da ka ƙera da hannunka, kana kansa kana jin kowane haɗi yana aikinsa, daɗinsa daban ne. Daga nan duk ranar da ba aiki sai in fita, har na san hanyoyin shanu na yankin fiye da wasu makiyayan.

A irin wannan fita ce, da tsakiyar damina, na tarar da mutum a wata fadama kafin Fakku, babur ɗinsa ya nutse a laka har inji. Ya tuɓe riga yana ta fama, akwatin magani na rataye a wuyansa. Malam Jabbi ke nan, mai yi wa dabbobi allura. Ciwo ya shiga wani garke a ƙetaren fadamar, kuma maganin da ke akwatinsa ba ya son zafi. Na taya shi muka ciro babur, amma ya sha ruwa ya ƙi tashi. Ni kuwa na saɓa kekena a kafaɗa na haye, na dawo na nuna masa. Ya tsaya yana kallona da baki buɗe.

Ya ce, "Malam, ina anka sawo wanga?"

Na ce, "Ba a sawo shi ba. Ni nay yi shi."

Ya ce, "To ara mani shi in kai maganin ga, in na dawo mu yi magana."

Na zauna gadin mataccen babur har bayan la'asar. Da ya dawo, laka har gira, yana dariya kamar yaro, ya ce ko nawa ne sai na yi masa irinsa.

Ban taɓa zuba wa aiki hankali kamar na keken Jabbi ba. Na auna tsawon ƙafarsa da igiya, na auna hannunsa. Na zaɓi bututu mafi kyau a cikin tarina. Na haɗa masa kariya a jikin keken da tagulla, daidai faɗin akwatinsa, don kada ya riƙa girgiza. A ƙarshe na kifa keken, na ɗauki siririn abin huji na huda ɗan rami a can ƙasa, ƙarƙashin gidan feda. Wannan ramin shi ne ran keken ƙarfe. Duk yadda ka kai ga tsare shi, ruwa sai ya shiga ta wajen sirdi, balle ga mai ratsa rafi kullum, kuma ta nan yake tsiyayewa. Kowane mai haɗa keke ya san haka, har ba ya tuna ya sani.

Ranar da ya zo ɗauka na nuna masa yadda ake canza giya ba tare da an karya sarƙa ba, na nuna masa birki, na ce ya riƙa sa mai bayan kowane ruwa. Ya hau ya tafi. Kafin shekara ta zagayo, mutum huɗu sun zo suna son irin na mai allura. Rumfata ta dawo da rai, har waɗanda suka yi mini ihu a tasha suka koma gaishe ni da Malam.

Sau ɗaya na sake ganin keken da lafiyarsa, ranar wata kasuwa a Kebbe. Da ƙyar na gane shi. Kun san halin mutanenmu: in muna son abin hawa, sai mun naɗe shi. Jabbi ya kai wa mai kwalliyar babura, an bi kowane bututu da robar tif, an ɗora salatif ja da kore da ruwan ɗorawa a kai, tun daga wuya har ƙafar baya, ko'ina ruf, wai kada fenti ya ƙuje. Na ce, "Malam Jabbi, amarya ta ko keke?" Ya ce, "Abin da kaka so shi kaka suturtawa." Muka yi dariya, na matsa tayoyin na ji iska, na ja birki na ji ya kama, na wuce sayen albasa.

A damina ta uku labari ya iso. Jabbi yana gangara wani tudu da gudu, akwati a baya, keken ya rabe biyu a ƙarƙashinsa. Ya faɗi a kan duwatsu, ƙashin ƙugunsa ya karye. Makiyaya ne suka tsince shi suka kai shi gidan mai ɗori.

Kafin in ɗaura niyyar zuwa dubiya, magana ta riga ni zagaye gari. Wai waldar Arzika ta ɓalle. Wai da ruɓaɓɓen ƙarfen bola nake haɗa wa mutane makara mai taya biyu. Masu waldar lantarki, waɗanda ko riƙon magagari ba su iya ba, su ne kan gaba, suna cewa dama tagulla ta 'yan kunne ce, ba ta riƙe namiji. Na je gidan mai ɗorin, yayan Jabbi, Alhaji Dikko, ya tare ni a ƙofa ya ce mara lafiya na barci. Na ce a nuna mini keken. Ya ce, "Ba ka gama da mai shi ba, sai ka koma ga gawar?" Na juyo ina jin kamar in fashe.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Mutum huɗun nan, uku suka dawo mini da kekunansu suka jingine a rumfa, ɗaya daga cikin ukun ya ce shi yana da 'ya'ya ƙanana. Wanda ya kawo faci ma sai ya tsaya a kaina yana kallon hannuna. Wani dattijo da na yi wa gyara shekara ashirin ya zo ya janye kekensa da wili a kwance, ya kai wa yaron da ni na koya wa ɗaurin birki. Na koma like bokiti da ƙafar baro da murhun gawayi. Ba yunwar ce ta fi ci mini rai ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na san haɗina, na san yadda tagullar ta zagaye kowace gaɓa, amma ba mai saurarona, kuma an hana ni ganin abin da ake tuhumata da shi. An yanke mini hukunci a teburin mai shayi.

Da aka gama girbi na ce ya isa. Na ɗaura zarto da sifana a kariya, na hau kekena, wanda aka ce makara ne, na taka shi tun daga Tambuwal har Fakku, garin su Jabbi, don duk mai ido ya gani. Na isa ana sallame azahar. Na tsaya a ƙofar gidansu inda jama'a ke zaune, na yi sallama da ƙarfi, na ce ba zan tafi ba sai an fito da keken a gaban kowa. In aikina ne ya ci amana, ni da kaina zan rufe rumfa in bar sana'ar. Alhaji Dikko ya so ya yi gardama, dattawa suka ce a fito da shi.

An fito da Jabbi ma, aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Ya rame, ƙafar ta ɗoru a gajarce, sai da sanda da kafaɗar mutum yake motsi. Na gaishe shi a gaggauce, don hankalina na kan guntaye biyun da aka ajiye a gabana.

Na fara kware salatif. Ƙarƙashinsa roba, ƙarƙashin roba fenti ya kumbura ya yi ƙuraje. Na kifa gidan feda. Ramin nan an bi ta kansa da roba ninki uku, har da sholisho don ta kama da kyau. Na ɓanɓare, na zura sifok, sai ga tsatsa tana zubowa kamar garin barkono, ta tara tsibi a ƙasa. Damina uku ruwa na kwance a ciki ba hanyar fita, yana cin ƙarfen daga ciki, kwalliya kuma ta rufe ta waje. Na nuna musu inda ya karye: yatsa biyu sama da haɗin, a tsakiyar bututu, wurin ya zama kamar busasshen ganye. Sannan na sa zarto na raba haɗin kansa gida biyu, na miƙa wa Alhaji Dikko. Tagulla ta zagaye shi rawaya shar, babu ko ƙofar allura.

Nan fa na saki bakina. Na ce wata shida ana cin namana. Na ce an toshe wa keke hanyar fitsari sannan an ce maƙeri ne mugu. Na ce duk wanda ya ce waldata ta ɓalle ya zo ya ɓalle wannan da haƙoransa. Na faɗa na ƙara, har da abin da bai kamata a faɗa a ƙofar gidan mutane ba. Ba wanda ya katse ni. Guntun ƙarfen ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu. A ƙarshe Alhaji Dikko ya sunkuyar da kai ya ce, "Mun ɗauki alhakinka, Arzika. Aikinka ba shi da laihi. Ni da bakina za ni gaya ma mutane ran kasuwa." Sunana ya dawo.

Aka kira la'asar, jama'a suka tashi alwala. Ina tattara kayana sai Jabbi ya yafuto ni da hannu. Na matsa na tsuguna. Ya duba hagu da dama, ya ga ba kowa kusa, sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Arzika, wanga rami, ka taɓa gaya mani da shi?"

Na buɗe baki. Na tuna giya, na tuna birki, na tuna man sarƙa. Na tuna ranar kasuwar Kebbe, da na matsa taya na yi ba'a, ban sunkuya ba.

Na ce, "Ban gaya maka ba."

Ya gyaɗa kai, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Ni dai so na nay yi mashi yawa. Da ka ce mani kalma guda, da na huda robar da kaina. Ni da nika yawo da allura cike da akwati." Ya gyara gajeriyar ƙafar da hannu biyu. "Ba ni gaya ma kowa. Kana da iyali. Koma ka buɗe rumfarka."

Zarton da na zo da shi don in ci nasara yana hannuna, ban san inda zan ajiye shi ba. Na bi jam'i a sahun baya, na fito ban yi wa kowa sallama ba. Hanya a bushe take, iska na bayana, keken lafiya lau, amma tun daga Fakku har Kebbe tura shi na yi.